Ranar da Motar Yaya Ta Kai Inna Gwashi

Ana idar da sallar asuba muka fito daga Gummi, mu uku: ni da Inna da ƙanwata. Ga waɗanda suka daɗe suna tambaya ta ko motar marigayi yayanmu ta tashi, to ta tashi, kuma ga yadda aka yi.

Inna tana da yaya guda da ta rage mata a duniya, muna ce mata Adda, tana zaune a wani ƙauye a ƙasar Gwashi. Shekara shida ba su ga juna ba. Adda ta tsufa, idonta ya yi rauni, Inna kuma ƙugunta ba ya jure babur, ga shi damina kan cinye hanyar har ƙaramar mota ba ta shiga. Marigayi yayan namu makanike ne, aikin ƙafar mota ya fi ƙwarewa a kai. Sai ya sayi tsohuwar a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, ya ɗaga ta sama don kada cikinta ya riƙa dukan ƙasa, ya yi wa Inna alkawarin shi zai kai ta da kansa.

Ya taɓa yi mini bayani cewa ɗaga mota ba ya tsayawa a sifirin da shoka. Akwai wani ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe kan tayar gaba, suna ce masa hannun sama. In mota ta ƙara tsawo aka bar mata tsohon hannu, sai taya ta karkace, ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya, boljoyin, wato gaɓar da taya ke juyawa a kanta, kuma ya wahala. Don haka ya nemo sababbin hannuwa masu lanƙwasa daidai da sabon tsawon, ta hannun wani abokinsa a Anka. Ya ɗaura su, bai kai ga mayar da tayoyi ba ciwo ya kwantar da shi. Allah Ya jiƙansa.

Wata bakwai motar tana kan katako a ƙofar gida. Ni hatsi nake sayarwa, abin da na sani a mota shi ne tuƙi da canza taya. Da na yi ƙarfin halin duba ta, sai na tarar notocin hannuwan nan duk a sake suke. Abin ya sosa mini rai, na ce ashe ciwon ya fara taɓa shi har yana mantuwa ba mu lura ba. Na sa sifana, na zura mata bututu, na ɗaure su iya ƙarfina, sannan na mayar da tayoyi na sauke ta.

Hawan Inna kansa sai da ya zama abin kallo. Motar ta yi tsawo, sai da aka kifa mata turmi ta taka. Ƙanwata ta jefa turmin a baya, wai shi ma fasinja ne. A bayan akwai buhun shinkafa, da jarkar mai, da goro, da turmin atamfa biyu.

Daga Gummi zuwa Daki Takwas tafiya ta yi daɗi. Kaka ce, an yanke gero an jingine, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lokacinta. A Daki Takwas muka karya da hoce da ƙosai mai zafi, Inna ta sa aka dama mata fura da nono. Ta ce nonon ya sha ruwa, amma ta shanye tas. Na leƙa wajen masu awo saboda halin sana'a, na ga sabon gero ya sauko ƙwarai, man fetur kuwa ko gezau.

Bayan mun bar nan ne ƙarar ta fara. Duk ramin da muka shiga sai gaban motar ya yi ƙiii, kamar tsohuwar ƙofar langa-langa, ga ta a sandare tana jijjiga mu. Ƙanwata ta ce ko akuya na ɓoye a inji. Na yi dariya, amma hankalina yana kan lokaci. Kowa ya san halin rashin tsaro da yankin nan yake ciki. Motocin kasuwa suna shiga hanyar Gwashi a jere da hantsi, in sun wuce ka, sai ka haƙura. Inna kuwa carbinta kawai take ja.

A Nasarawar Burkullu na tsaya wajen wani dattijon makanike da ke aiki ƙarƙashin dalbejiya. Ya zagaya motar, ya danna gabanta da hannu biyu, ta yi masa kukan. Ya murɗe taya ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Wanga aiki na mai hankali ne," in ji shi. "Amma wa ya ɗaure noti?"

Na ce ni ne, kuma na ɗaure da kyau.

"Awo, na gani. Tana bisa katako ka ɗaure?"

Na ce e.

"Kai ɗana, mi kake saidawa?"

Na ce hatsi.

"To bakin buhu ka ɗaure, ba mota ba."

Masu shayi da ke gefe suka kwashe da dariya, har da ƙanwata. Sai ya nuna mini. A gindin kowane hannu akwai roba, bushin ke nan. In an ɗaure noti taya tana lilo a sama, da zarar an sauke mota sai robar ta murɗe, ta zauna a murɗe, tana kuka har ta yage. Ana barin notin a sake ne, sai mota ta tsaya da ƙafarta, ta ɗauki nauyinta, sannan a ɗaure.

"Wanda ya ɗaura hannun ga bai manta ba," ya ce. "Jira yake ta sauka ƙasa."

Na juya na kalli wajen gonaki na ɗan lokaci. Dattijon ya tura a ɗauko masa babbar sifana.

Allah Ya taimaka robar ba ta yage ba. Ya sassauta notocin, muka ji gaban motar ya sauke kamar mai ajiyar zuciya. Inna ta fara neman turmi za ta sauko don kada ta yi masa nauyi, ya ɗaga hannu.

"A'a Hajiya, zamna abinki. Ke za ta ɗauka, da ke za a ɗaure ta. Kowa shi koma mazauninai."

Haka muka zauna ciki mu uku, shi da masu shayi biyu suka yi ta danna gaban motar suna saki, muna rausaya kamar masu hawan raƙumi. Inna ta riƙe ƙofa tana cewa, "Ku yi a hankali, ɗiyan nan, furata za ta dawo!" Sannan ta fashe da dariya har da share ido. Ya ɗaure notocin muna zaune, ya ce in na samu sarari in kai ta a yi mata saitin taya. Muka samu motar kasuwa ta ƙarshe tana shirin tashi, muka bi bayanta.

Hanyar kuwa ba a magana. Ruwa ya yi mata kwari a tsakiya, wani wuri yashi, wani wuri laka ta bushe da sawun shanu. A wani mashigi motar gabanmu sai da fasinjoji suka sauka suka tura. Tamu ta sa ƙafa ta haye, ko tari ba ta yi ba, ƙarar nan ta ɗauke ɗif. Muka wuce masu haƙar zinariya sun yi fari fat da ƙasa, da mata masu tallan nono, da wasu ƙauyuka biyu da babu hayaƙi a cikinsu. Mutanensu duk sun yi ƙaura.

Kafin azahar muka isa. Adda tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Inna ta yi sallama, Adda ta saki ƙwaryar, ta ce, "Wagga murya ta gidanmu ce." Suka riƙe juna, suka yi gaisuwar rashin Yaya da ba su samu yi ido da ido ba. Ba a jima ba sai ga su suna gardama a kan wadda ta fi tsufa a fuska, Adda tana cewa ita dai ba ta gani, amma ta shafa ta ji. Aka yanka zakara, aka yi tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya. Kwananmu biyu, ban ji bakinsu ya huta ba.

Ranar da motocin kasuwa za su fito muka biyo su, da buhun gyaɗa da daddawa da zabi biyu da suka yi ta yi mana surutu har Gummi. Mun iso da la'asar sakaliya, lafiya lau.

Abin da na ƙaru da shi ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Na san yanzu ba ƙarfi ke gyara ba, kowane noti da lokacin ɗaure shi. Na kuma san na yi wa ɗan'uwana zaton mantuwa a inda ilimi ya ajiye, na roƙi Allah gafara a kan haka.

Da na kashe mota a ƙofar gida, Inna ba ta sauka nan take ba. Yaya ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko yana raye. Ta shafa gaban motar da tafin hannu, ta ce, "Mai motar ga ya kai ni." Sannan ta dube ni. "Kai tuƙi kawai ka yi."

Na ce haka ne, Inna.