Faifan da na shanya a rana

Har gobe ban manta da wata Litinin ta watan Maris ba, 'yan shekaru bayan shigowar shekara ta dubu biyu, lokacin ina sayar da faifai a Treichville. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kuna ganin ina tada jijiyar wuya in aka ajiye kwali kusa da taga, kuna cewa tsufa ne ya kama Laminu. To ku zauna ku ji inda faɗan ya samo asali.

Shagon na Alhaji Illiya ne, mutumin Damagaram, wanda ya haura shekara talatin a Abidjan. Sana'arsa shigo da kaya: rediyo, batir, kaset, daga baya sidi. Yana da sito a Adjamé, shago kuma a Treichville, tafiyar ƙafa daga unguwar Biafra inda aka haife ni. Ni aka ba ɓangaren faifan garmaho, wato kanta biyu a ƙuryar shago da garmaho ɗaya na gwaji. A lokacin faifai ya riga ya zama kayan tsofaffi. Masu saye ba su da yawa, amma in Allah ya haɗa ka da ɗaya, ka haɗu da mutumin da zai iya haƙura da abincin rana ya sayi faifai.

Ga yadda nake aikina. Kowace Asabar bayan azahar nakan fito da faifai uku: ɗaya sabon fita, ɗaya tsohon kiɗa da aka sake bugawa, ɗaya kuma daga cikin waɗanda ni kaina nake mutuwar so. Sai in rubuta su da alli a allon bakin ƙofa, Faransanci a sama, Hausa a ƙasa, in jera benci biyu, masu tara faifai su zo mu ji tare. Ba kowa nake ba shawara iri ɗaya ba, don kowa da kunnensa. Tanti Awa, tsohuwar ungozoma, ba ta sayen abin da ba zai motsa mata kafaɗa ba. Misye Kwasi kuwa, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, da tabaron ƙara girma yake zuwa da ƙyallensa na goge faifai. Sai ya ɗaga faifai wajen haske ya juya shi ya sake juyawa kafin ya yarda a sa masa allura. In Misye Kwasi ya gyaɗa kai, sauran duk sai su saya. In ya taɓe baki, ka mayar da kayanka kanta.

A farkon shekarar Alhaji ya kira ni ya ce, "Laminu, ƙuryar nan taka ta zama gidan tarihi. Wayar salula mutane ke nema yanzu. Ƙarshen Maris zan sa a kwashe kantocin nan."

Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri, akwai masu zuwa."

Ya ce, "Na gan su. Suna zuwa su gama min da benci."

Ban iya sayar da waya ba, kuma ba na son in iya. Shekara goma sha ɗaya ina wannan ƙurya, in an kwashe ta ni aka kwashe.

Ana cikin haka sai na gani a takardar jerin kaya da ake aiko mana cewa wani ƙaramin kamfani a Turai ya sake buga faifan wata ƙungiya da ta yi tashe a nan Treichville a shekarun saba'in. Masu busa uku, jita, kalangu, da mawaƙi mai haɗa Hausa da Julanci a waƙa ɗaya. Na taɓa jin faifan sau biyu a gidan Misye Kwasi, nasa ya tsufa har ƙarar tsatsa ta fi kiɗan yawa, amma ko a haka sai da tsigar jikina ta tashi. Da takardar a hannu na ruga wurin Alhaji, ina magana ina haɗa kalma da kalma don zumuɗi. Na roƙe shi ya sa a kawo ashirin. Ya dube ni ya ce, "Wannan ne na ƙarshe. In suka kwana a kanta, kanta ta tashi."

Tun kafin kaya su iso na rubuta a allo, na bi masu saye gida gida na gaya musu Asabar ɗin ƙarshen wata kada wanda ya yi tafiya. Har na zaɓi faifai biyun da za su raka shi a allo. Sabon fitar na wani matashi ne mai kaɗa gurmi a kan ganguna na zamani, wanda na san zai yi wa Tanti Awa daɗi. Wanda nake so kuma tsohon faifan wata mata ce mai murya a sanyaye, ita da jita ɗaya kawai, irin wanda ake sa wa in kunne ya gaji.

Tsarin kaya a wurinmu haka yake. In jirgi ya sauke, taransite, wato wanda ke fitar mana da kaya daga hannun 'yan duwan masu karɓar harajin kaya, shi zai kai su sito a Adjamé. A can ake dubawa, washegari da sassafe motar shago ta kawo su Treichville kafin rana ta yi zafi. Ranar Litinin ɗin da ƙarfe sha ɗaya aka bugo waya aka ce kwalina ya iso. Da na yi haƙurin kwana ɗaya da babu wannan labari. Amma ina, ƙafata ta ƙi zama. Na hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, na tafi Adjamé, na sa hannu na karɓi kwalin, na tare tasi irin ta haɗaka. Direba ya ce ba wuri a ciki sai but na bayan mota, na ce a sa. Wata fasinja ta zo da buhun doya, aka ɗora a gefen kwalin, ina gani ban hana ba, hankalina yana kan waƙar farko.

A mahaɗar Indénié muka tarar wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi. Awa biyu muna tsaye, rana tana dukan ƙarfen motar, masu tallan ruwa suna kai da kawowa. Ni kuwa ina zaune ina kaɗa yatsa a gwiwa ina rera amshin waƙar a zuci.

Da na isa shago na buɗe kwali, na zaro na farko. Faifan ya lanƙwashe, gefe ɗaya ya ɗaga kamar bakin faranti. Na biyu haka, na uku haka. A cikin ashirin, babu ko ɗaya da ya kwanta daidai a kan garmaho. Na sa allura a ɗaya, ta hau ta sauka ta yi tsalle ta faɗa tsakiyar waƙa. Allah ya sa Alhaji yana Adjamé. Na rufe kwalin na ɗauke shi a ka na kai gida.

Na taɓa jin ana miƙar da faifai tsakanin gilashi biyu a rana, amma ban taɓa gani ba. Washegari na koma Adjamé wurin Bakari mai yankan gilashi, Bajule ne, mun daɗe da sanin juna. Ya yanka mini murabba'i takwas masu kauri, ya ce in dawo masa da su in na gama haukata. A tsakar gidanmu a Biafra na shimfiɗa tabarma, na wanke faifai ɗaya, na sa shi tsakanin gilashi biyu. Matan gidan suka bar wanki suka zo kallo. Maƙwabciyarmu Inna Lanto ta ce, "Laminu, kilishin faifai ka koma yi? In ya bushe a ɗanɗana mana."

Na bar shi ya daɗe, na ɗaga gilashin da zafinsa. Faifan ya miƙe kam, amma layukan sun narke sun yi sheƙi, yana hucewa kuma ya sake murɗewa a hannuna. Saura sha tara.

Na koma wurin Bakari da gawar faifan. Ya juya shi ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai ɗan'uwa, gaggawa ce ta kashe shi. Zafi kaɗan ake so. Ka sa bayan hannunka a gilashi, da ka ji ba za ka iya daɗewa ba, ka ɗauke su gaba ɗaya ka kai inuwa, ka ɗora nauyi. Kada ka buɗe sai ya huce sarai. Wajen hucewa yake miƙewa, ba wajen zafi ba."

Haka na yi. Huɗu da hantsi, huɗu bayan azahar, in kai su ɗaki in ɗora musu turmin Inna Lanto da buhun shinkafa. Ranar Laraba da na buɗe na farko na gan shi kwance lif, na ɗora a garmahon gida ya zagaya ba tangarɗa, busar farko ta tashi tas kamar masu busar suna tsakar gidan, wallahi sai da na yi rawa ni kaɗai. Ban taɓa jin kalangun nan sosai ba sai ranar. Ashe a tsohon faifan Misye Kwasi rabin kiɗan ne kawai muke ji. Zuwa safiyar Asabar sha tara sun miƙe. Na saurari kowanne fuska biyu. Sha shida lafiya lau, uku kuma akwai ɗan tudu a bakinsu, allura takan yi tsalle a farkon waƙar farko.

Bayan azahar benci biyu suka cika, wasu suna tsaye har bakin titi. Alhaji ya zo ya zauna a bayan teburinsa da carbinsa. Na fara da sabon fitar, Tanti Awa ta motsa kafaɗa ta ce a ajiye mata ɗaya. Sai na zaro babban baƙon. A nan zuciyata ta ce in yi shiru, in sa mai kyau, in tura masu tudun nan uku ga waɗanda ba su da tabarau. Amma na dubi Misye Kwasi yana goge tabaronsa, na dubi mutanen da suka shekara goma suna saye da maganata. Na ajiye faifan na faɗi komai, tun daga but ɗin tasi har turmin Inna Lanto. Na ce kowa zai ji nasa kafin ya ɗauka, kuma da mai tudun zan fara don su san mafi muninsu.

Ban kalli wajen Alhaji ba. Na sa allura. Busa ta tashi, shagon ya yi tsit, sai allura ta yi tsalle. Na mayar, ta sake yi. Misye Kwasi ya fara taɓe baki.

Sai na ji motsin kujera. Alhaji Illiya ne ya taso. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan ƙarfen dala biyar, ya ɗora a kan hannun allura daidai kanta, ya ɗaga da yatsa ɗaya ya sauke a bakin faifan, a hankali, irin saukewar wanda ya yi abin sau dubu.

Misye Kwasi ya miƙe tsaye ya ce, "Alhaji, nauyin nan zai ci faifan."

Alhaji ya ce, "Sau ɗaya ba ya ci, Misye. In ta bi hanyar sau biyu sai a cire. Zauna ka ji kalangu."

Allura ta haye tudun ba ta ko girgiza ba. Kalangu ya shigo, mawaƙin ya ɗauko baitin Hausa, sai ga Alhaji, mutumin da ban taɓa jin ya yi ko fito ba, yana bin baitin a ƙasan murya, kalma bayan kalma, har inda aka juya Julanci. Tanti Awa ta tashi ta ɗaure zani ta shiga rawa. Mai sayar da garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, na tsallaken titi ya bar kaskonsa ya zo ya leƙo. Da waƙar ta ƙare Misye Kwasi ya tambaye shi inda ya san ta. Alhaji ya ce da ya sauka Abidjan ba shi da komai sai tire, faifai yake ɗorawa a ka yana bin gidajen rawa na Treichville, kuma wannan faifan da kansa ya sayar da bugun farko.

Misye Kwasi ya ɗauki mai tudun ya ɗaga wajen haske, ya juya, ya sake juyawa. Ya ce wannan yake so, don shi ne aka yi wa jinya. Ya gyaɗa kai. Har aka kira la'asar muna sa faifai ɗaya bayan ɗaya, kowa yana jin nasa, ba wanda ya gaji da waƙar. Na ajiye faifan matar nan mai jita don rufewa, amma ba a ba ni dama ba. Kafin magariba kwalin ya zama fanko.

Da jama'a suka watse ina naɗe benci, Alhaji ya kira ni. Na zo na durƙusa, na san akwai saura.

Ya ce, "Ashirin aka kawo."

Na ce, "Ɗaya na kashe shi da hannuna, Alhaji."

Ya ja carbinsa. Ya ce, "Da ka ɓoye musu, da gobe kafinta zai zo ya kwashe kantocin. Ka kawo takardar kayan nan mu ga abin da za a sa a allo wata mai zuwa. Wayoyin a sa su wajen ƙofa."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. A sana'ar nan ba roba muke sayarwa ba, maganarmu muke sayarwa. Mai tara faifai zai yafe maka tudu da tsatsa in ka faɗa masa da bakinka, amma ba zai sake zama a bencinka ba in kunnensa ne ya gano. Sannan kada ka yanke wa kowa hukuncin ba shi da kunne. Shekara goma sha ɗaya ina ba mutane shawarar abin da za su ji, ban taɓa tambayar mai shagon wane faifai yake so ba.