Mahkam Aka, Wanda Ya Bar Injin Ergash a Karkace

Kullum bayan sallar asuba, kafin unguwar Chilonzor ta cika da hayaniyar motoci, Mahkam aka (aka, wato yaya, haka muke girmama na gaba da mu) yakan ɗora butar baƙin shayi, ya gutsuri burodin tanderu, ya fita barandar gidansa da ya rufe da gilashi ya mayar da ita wurin aiki. Da kunne yake fara aiki. Sai ya kunna injunan karanta faifai ɗaya bayan ɗaya, ya karkata kai yana sauraro. Wanda ya yi gurnani irin na jiya, ya wuce shi. Wanda muryarsa ta sauya, ya ɗauko auduga ya zauna masa.

Yaran yanzu ba su san faifan nan ba, baƙin abu mai kusurwa huɗu, mai laushi, da ya ɗan fi tafin hannu. A shekarun da Tarayyar Sobiyet ta watse, a nan Tashkent ba a kanti muke sayen kwamfuta ba. Kayanta ake tsintowa a kasuwar 'yan rediyo, mutum ya haɗa da hannunsa a teburin kicin, ya jona da talabijin. Kowa yana tuna wasannin lokacin. Shi kuwa Mahkam aka, ƙananan manhajojin da ba mai yabo ya rungume: mai shirya sabon faifai, mai kwafa, mai ceto abin da aka goge bisa kuskure. Yakan ce in waɗannan suka mutu, duk sauran faya-fayan sun zama kurame. Bana ya ce hannunsa ya fara rawa, ya miƙa kayansa ga ƙungiyar masu raya tsofaffin kwamfutoci. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da aka gani.

Akwai wani zama da muke kira gap, wanda tsofaffin 'yan kasuwar rediyo ke yi duk wata a shagon shayi, kowa da watan da zai ciyar da sauran. Ba a taɓa tashi daga zaman nan ba sai Ergash aka, mutum mai yawan magana wanda idonsa ya yi rauni sosai, ya juyo wajen da yake jin tarin Mahkam.

"Mahkamboy, injin faifaina fa? Lokacin da na kawo maka gyara ina da gashi a kai."

"Yana nan, Ergash aka."

"Ka gyara?"

"Yana nan, na ce."

A yi dariya, a zuba shayi, wata mai zuwa a maimaita.

Wannan Ergash shi ya rubuta manhajar faifan da duk 'yan zaman suka yi amfani da ita a da. Kuma a makon da aka haifi autarsa Mohira, ya tsara wani kiɗa a kwamfutarsa, ya yi alkawarin sai ranar aurenta za a ji shi. Ya adana kiɗan ta wata hanya tasa, wadda manhajarsa kaɗai ke buɗewa. Bara aka sa ranar auren Mohira da wani abokin aikinta. Ta tuna wa babanta alkawari. Aka buɗe adakar da ake jibga barguna a kanta, aka fito da faya-fayan, sai ga su sun lanƙwashe, sun yi fari-fari.

Ita ta rako iyayenta barandar Mahkam aka, tana riƙe da hannun babanta. Amaki take kiran Mahkam, wato baffa.

"Mahkam amaki, ko minti ɗaya ne na kiɗan ya fito, ya ishe ni. Tun ina ƙarama nake jin labarinsa."

Mahkam ya ɗaga faifai ɗaya a haske, ya daɗe yana dubawa, sannan ya dubi uwar, wadda yake kira opa, wato yaya mace.

"Shohida opa, waɗannan sun sha rana."

"To ya za a yi? Duk tsakiyar zafi in na fitar da barguna na shanya, nakan jera su su ma a kan rufi, kada su yi fumfuna."

"Duk shekara?" in ji Ergash.

"Duk shekara. Kai da ba ka taɓa ɗaga murfin adakar ba, kada ka buɗe min baki."

Mahkam bai yi dariya ba, bai kuma yi alkawari ba. Faifan kiɗan ya fi sauran lafiya, domin a tsakiyar tari yake kwana. Na manhajar ne ya gasu, kuma in babu ita, kiɗan yana kulle.

A zaman gap na gaba ya roƙi kowa ya binciko kwafinsa na manhajar Ergash. Suka riƙa zuwa da su, daga ƙarƙashin gado, daga gareji, daga gidan gona. Babu lafiyayye ko ɗaya, amma kowanne a wuri daban ya lalace. Mahkam ya bi su layi-layi, ya ɗauki mai kyau daga wannan ya cike ramin wancan. Da Shohida opa ta kawo masa samsa, gasasshiyar fulawa mai nama a ciki, ta ga yadda yake yi, ta ce, "Ashe ɗinkin bargon ƙyallaye kake. Da ka faɗa, da na zo da allurata."

Manhajar ta tashi, ta yi duk aikinta, amma ta ƙi buɗe faifan kiɗa. Mahkam ya kai maganar gaban jama'a, ana tsakiyar cin osh, dafa-dukar shinkafarmu.

"Ergash aka, akwai wani ɓangare da babu shi a kwafin kowa. Ba lalacewa ya yi ba. Ba a taɓa sa shi ba."

Ergash ya sosa ƙeya. "E to. Wannan na riƙe wa kaina."

Tolib, tsohon direban tasi, ya ajiye cokali. "Wato rabin manhaja ka ba mu, muna ta yi maka godiya shekara da shekaru?"

"Abin da kanku zai iya ɗauka na ba ku."

Aka yi masa ca, shi ma yana dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ya gane cewa ɓangaren nan ba ya ko'ina a duniya sai a faifan da rana ta gasa, kuma duk injunan Mahkam sun riga sun ƙi shi. Aure kuwa ya matso, an fara rabon katin gayyata.

Washegari da hantsi Mahkam ya kira shi barandar. Ya sa kujera ya taka, ya sauko da wani abu naɗe cikin tsohon gyale, ya ɗora masa a cinya. Ergash ya shafa, yatsansa ya faɗa kan tabon da ƙarfen narka dalma ya taɓa yi wa murfin.

"Injina ne wannan."

"Shi ne. Ranar da ka kawo shi na ga bakinsa a ɗan karkace yake, gefen layi yake rubutu. Na tambaye ka ko da shi ka rubuta duk faya-fayanka, ka ce da shi ne. Muddin rubutun yana da ƙarfi, kowane inji zai lallaɓa ya karanta. In ya dusashe, sai wanda ya rubuta. Da na miƙe shi, da ya manta hannunsa."

"Me ya hana ka gaya min?"

"Na gaya maka. Kana ba ni labarin kifin da ka kama a tafkin Chorvoq."

Ya zare gasasshen faifan manhajar daga lanƙwasasshiyar rigarsa, ya goge shi a hankali, ya sa masa wata riga, ya tura cikin injin. Injin ya yi gurnani, ya tsaya, ya sake. Ergash da ba ya ganin talabijin ɗin sai tambaya yake, "Me ya ce?" Mahkam ya ce, "Yi shiru ka ji." Can gurnanin ya daidaita, ƙas, ƙas, ƙas, layi bayan layi. Ergash ya san wannan sautin. Ɓangaren da ya rage ya fito, faifan kiɗa ya buɗe.

A wurin bikin, bayan masu busa da mawaƙa sun huta, aka jona tsohuwar kwamfutar da lasifika. Gaskiya kiɗan kamar gyare ne suka haɗu da tsuntsaye, tsit-tsit, ƙi-ƙi. 'Yan mata suka rufe baki suna dariya. Sai amarya ta taso daga mazauninta, ta kamo hannun babanta ta jawo shi tsakiyar fili. Tolib ya bi su, sauran tsofaffi suka bi, kafaɗa na rawa. Ergash yana juyi hawaye na bin gemunsa, Shohida opa kuma tana gaya wa matan teburinta cewa in ba don ta shanya ba, da fumfuna ta cinye komai. Mahkam yana gefen lasifika, yana riƙe da waya kada wani ya taka.

Mahkam aka, kai ne mai haƙurin sauraro. Kai ne ka sha zolaya wata bayan wata, ba ka taɓa miƙe injin don a daina yi maka dariya ba. Mun gode maka, mu da ka dawo mana da abin da muka zubar da hannunmu. Allah ya ƙara lafiya, ya sa hutun nan ya yi maka daɗi. Ku kuma matasan da kuka gaji kayansa, ku koyi tambayar abin da inji ya rubuta kafin ku ɗauko sukundireba.

Ranar da kuka zo kwasar kayan, Ergash aka yana wurin, ya ce tunda aure ya wuce, yanzu sai a gyara masa injinsa. Kun ji amsar da aka ba shi, ku riƙe ta:

"Bai lalace ba, Ergash aka. Karkatarsa irin ta mai shi ce."