Na Je Zuru In Sa Hannu

Mun tashi da asuba daga Bena, ni da ƙanwata, a wata tsohuwar mota da aka cusa mu kamar buhunan dawa. Kuɗin mota ya ninka na bara, ramukan hanya ma haka. Zuru muka nufa, ta'aziyyar Baba Lauya, wanda ya rasu bayan ya haura tamanin.

Shi ya tsaya mini a kotu har gonar marigayi maigidana ta dawo hannuna. Ranar da na dangwala yatsa a takardarsa, ya ɗaure fuska ya ce, "Kada ki sake shigo mini ofis sai kin iya sa hannu." Haushin maganar nan ya kai ni ajin yaƙi da jahilci ina da jikoki. Na iya, amma na yi ta ɗaga zuwa in nuna masa har mutuwa ta riga ni. Abin da ban taɓa ganewa ba, ina ruwansa da yatsana?

A Ribah muka karya da ƙosai da kunun tsamiya. Ƙosan ya ƙanƙance, barkonon ne kawai bai ragu ba.

Gidan cike yake. Tsofaffin sojoji, Zuru kam ba ta rasa su, sun jeru ƙarƙashin mangwaro. A falo an rataye rigarsa ta lauya kusa da kaki, don ya daɗe a sojan ko-ta-kwana: in an kira, ya ajiye shari'a ya tafi.

Na durƙusa na gai da matarsa, na yi tambayata ba kwana-kwana.

Ta yi dariya da hawaye. "'Yar nan, ke ma ya kama ki? In ya tafi aikin soja yakan aiko mini wasiƙa, sai in kai wa maƙwabci ya karanta. Kafin yamma matan unguwa suna kirana da sunan da shi kaɗai ke kirana! Yana dawowa ya zaunar da ni da fensir. Tun daga nan ba ya son ganin mace tana aron ido."

A bakin ƙofa akwai littafin ta'aziyya. Mai kula da shi ya ce, "Hajiya, kawo in rubuta miki."

Na ce, "Ba ni biro, malam."

Layin ya karkace, amma na rubuta sunana cikakke, na sa hannu.

La'asar sakaliya muka iso gida. Abin da na koyo: in kina da abin nuna wa tsoho, hau mota yau.