Dakata Ya Rasu, Jaridarsa Ta Buga Hoton Wani

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, babbar 'yarka ta kira ni a waya ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Kwana tara ka yi a asibiti kana fama da ciwon ƙirji. Shekara ashirin da biyu muka yi a jarida ɗaya, ni ina rubuta labari, kai kana ɗaukar hoto. Dakata kowa yake kiran ka, tun daga edita har masinja, domin duk inda muka je aiki, mu muna gaggawar komawa ofis, kai kuwa kyamara a ido kana cewa, "Ku dakata, hoton bai zo ba tukuna."

Kuma yakan zo. Shekarar da ruwa ya ci unguwannin bakin kogi, ka shiga har ƙugu ka tsaya kusan awa ɗaya, sai ga wata mata ta ɓullo da keken ɗinki a ka, ruwa yana dukan ƙirjinta. Edita ya so a buga hoton a ranar. Ka ce ba ka san sunanta ba, kuma ba ka tambaye ta ba. Kwana biyu kana bin makarantun da aka tsugunar da mutane har ka same ta, ta yarda, sannan ka saki fim ɗin. Bayan an buga, ka wanke mata babban hoton da hannunka ka kai mata.

Na tuna kuma ranar da wani babban jami'i ya gayyace mu buɗe famfon unguwa. Aka murɗa, ruwa ya zubo, aka yi tafi, masu hoto suka yi ta walƙiya. Na waiwaya ban gan ka ba. Ashe ka zagaya bayan katanga, inda tankar ruwa take tsaye da tiyo a jone. Wannan hoton ne ya fito a shafin farko, kuma kafin wata ya ƙare aka dawo aka haƙa rijiyar gaske.

Lokacin da mahaifina ya rasu, ka zo gaisuwa ba ka yi doguwar magana ba, ka miƙo mini ambulan. Hotonsa ne yana dariya a bakin ƙofar ofishinmu, wata rana da ya zo nemana shekaru bakwai kafin nan. Ban ma san ka ɗauka ba.

Sannan aka kawo mana sabon manaja, ɗan mai jaridar, mutumin da bai taɓa karanta jaridar ubansa daga farko zuwa ƙarshe ba. Shafi talatin da biyu ya koma goma sha shida, ya koma takwas, aka sayar da injin bugu, aka ce mun koma intanet. A taron da ya rufe sashen hotuna, yana magana yana latsa waya, ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, "Yanzu kowa mai hoto ne. Wa ba shi da waya?" Ka dube shi ka ce, "Ranka ya daɗe, kowa yana da wuƙa a gida, amma ba kowa ne mahauci ba." Mu da muke wurin muka sunkuyar da kai. Babu wanda ya goya maka baya, har da ni, kuma wannan kunyar tana nan a wuyana.

Ɗakin wanke hoto suka mayar wurin shan shayi. Kwalayen fina-finanka na shekara talatin suka jibge a bayan gini kamar shara. Ka zo da baro ka kwashe abin da ka iya, sauran ruwan sama ya gama da su. Ka ƙare a wata 'yar rumfa kusa da ofishin rajista, kana ɗaukar hoton fasfo, kana gyara wa mutane wuyan riga. Ban taɓa jin ka zagi kowa ba. Ni ne nake zagi a madadinka, kana ce mini, "Bar su, sun san abin da suka sani."

To, ga abin da suka sani. Ba a yi awa ɗaya da rasuwarka ba suka saki labari a shafinsu, wai sun yi rashin gwarzo, ginshiƙi, uban sana'a. A saman labarin hoton wani dattijo ne da hula, yana riƙe da kyamara, sun tsinto shi a intanet. Ba kai ba ne. Mutumin yana nan da ransa a wani gari, iyalinsa suka wuni suna amsa waya suna cewa lafiyarsa ƙalau. Gidan da ka yi wa bauta shekara talatin, aka rasa mutum ɗaya a cikinsa da ya san fuskarka. Da 'yarka ta kira ta yi ƙorafi, sai aka ce mata, "Turo mana wani mana, ai ba wata matsala." Ko haƙuri ba su ba ta ba. Har yanzu mutane suna yaɗa wancan hoton suna rubuta addu'a a ƙarƙashinsa, babu mai tsayawa ya duba.

Manajan ya zo gidan makoki da masu bin sa, ya zauna minti biyar, ya sa aka ɗauke shi hoto yana shafa addu'a, ya tashi. Ba zan yi masa ta'aziyya ba, shi da irinsa. Wanda bai san darajar abu ba, bai yi asarar komai ba.

Ta'aziyyata ga uwargidanka, wadda ta haƙura da warin maganin wanke hoto a tufafinka tsawon aurenku, da 'ya'yanka huɗu, da ƙanenka da ya yi jinyarka, da ɗan abin da ya rage na tsofaffin abokan aiki. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa gaskiyar da ka tsaya a kanta ta tsaya maka ranar hisabi. Mu kuma da muka yi shiru a ranar da ya kamata mu yi magana, Allah ya yafe mana, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.