Mai Tsaron Indararo

Mushe Tahiru, kamar yadda ake kiran malamin boko a Nijar, yana koyar da tarihi da labarin ƙasa a wani kolej da ke Zinder. Ka ba shi alli, sai ya zana maka kogin Kwara tun daga tsaunukan Gine har inda ya faɗa teku, hannunsa ko rawa ba ya yi. Amma shi kansa bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba, kuma abin yana ci masa rai ƙwarai.

Bakinsa ne ya ja masa. Bayan rasuwar mahaifinsu, 'yan'uwa suka taru a gidan gado da ke unguwar Birni, tsohon ginin ƙasa mai zane a fuska da zankwaye a ka. Babban wansu Inusa, ɗan kasuwa a Yamai, ya ce a rushe a zuba siminti, kowa ya huta. Sai Tahiru ya miƙe kamar yana gaban allo. Ya kawo zamanin ayarin raƙuma, ya kawo maginan Damagaram, ya ce wanda ya rushe irin wannan gida ya rushe tarihi. Har tsohuwarsu, Inna Shatu, ta share hawaye.

Inusa ya ce, "Ka yi gaskiya, Mushe. To, gida na hannunka."

Kowa ya koma inda ya fito, aka bar shi da tarihi.

Gidan ƙasa kuwa ba ya son a juya masa baya da damina. Kafin ruwa a yi yaɓe, bayan kowane ruwa a hau soro a duba tsaga, a fitar da abin da ya toshe indararo, in ba haka ba ruwa ya kwanta ya jiƙa azara. Hutun malamin lakwal, wato makarantar boko, kuma da damina yake zuwa. Abokan aikinsa na ɗaure jaka, shi yana jingina tsani.

Bana aka sa sunansa cikin masu zuwa horo a Yamai, bakin kogin Kwara, a watan Agusta. Ya yi yaɓe biyu maimakon ɗaya. Ya yi wa Inna sallama, ya shiga mota, ya samu kujerar taga. Ana cikin ɗaure kaya sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Ya tuna ɗakin Inna ne ke ƙarƙashin soron da ya fi tsufa, ga shi ba namiji a gidan.

Direba ya leƙo. "Mushe, ina kuma za ka da jaka?"

"Ba wani wurin," in ji Tahiru.

Da gudu ya isa Birni, ya hau soro da rigar tafiya a jikinsa. Iska ta taso, ta kaɗa, ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi, hanyar da motar ta bi. Ko ɗigo bai sauka ba.