Ɗigon da Malam Habu ya ƙi gogewa

Ko kofin shayi ban ajiye ba da safiyar nan Lawal ya kira ni. Malam Habu mai lissafi ya rasu bayan sallar asuba, a gidansa na cikin Daura.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni da Malam Habu tare muka koyar a wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙasar Sandamu, a shekarun da aka fara shari'a. Lokacin kowa ji yake an naɗa shi alƙali, har da ni. Ni ne malamin ladabtarwa, ni da bulalata a bakin get muna jiran 'yan latti.

Ni na rubuta sunayen waɗanda suka fi kowa makara na kai wa firinsifal. Aka yanke cewa ƙarshen zangon karatu za a sallame su. Yaron ƙauye kuwa in aka sallame shi, ba wata makarantar yake komawa ba. Gona yake komawa, shi ke nan.

Malam Habu bai yi gardama ba. Mako biyu ya roƙa.

Ya fara da tambayar yaran nisan garuruwansu. Kowanne ya ce, "Nan kusa ne, Malam." Kun san halinmu. Ko garin Babban Mutum za ka, in ka yi tambaya a hanya, nan kusa ne. Sai ya daina tambaya. Kullum aka tashi ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, yana karanta mita yana rubutawa.

Ranar taron malamai ya shigo da wani faffaɗan kwali. Layin kwance nisan gida, layin tsaye mintunan makara, kowane yaro ɗigo ɗaya. A littafi sikata fulot ake ce wa abin. Shi watsin gero yake ce masa.

Ya ce wa firinsifal, "Ranka ya daɗe, kar ka tsaya kan ƙwaya ɗaya. Ɗan ja baya ka ga inda geron ya nufa."

Firinsifal ya ja baya. Ɗige-ɗigen sun taso daga ƙasa ta hagu suna hawa dama, kamar masu hawan tudu. Duk sunayen da na rubuta suna can ƙololuwa, wajen masu fitowa a ƙafa tun gari bai gama wayewa ba.

Na ce ni dai lalaci nake gani.

Malam Habu ya ce, "To Malam Bala, wannan lalacin yana da tsari. Da kilomita yake ƙaruwa."

Ana cikin dariya firinsifal ya ɗora yatsa kan wani ɗigo da ya ware shi kaɗai a hagu, ya yi sama abinsa. "Wannan fa? Gida kusa, makara mai yawa. Ai wannan ne na kora."

"Wannan ba ɗalibi ba ne, ranka ya daɗe. Katangarsa ɗaya da makaranta."

Babu wanda ya waiwayo ya dube ni. A nan na gane kowa ya sani.

Ba a sallami yaro ko ɗaya ba. Aka ja darasin farko baya kaɗan, aka nema wa na nesa masauki a cikin gari. Bulalata ta koma durowa.

Daga baya na sami Malam Habu shi kaɗai na ce ya rufa min asiri ya goge ɗigon. Ya ce, "Ba ni na ƙirƙire shi ba, yaya zan goge? Ka riƙa zuwa da wuri, da kansa zai sauko."

Ya sauko ɗin. Shi kuma bai sake tayar da maganar a gaban kowa ba. Da na yi jinyar ƙafa, shi ya riƙe ajina wata guda, mai lissafi yana koyar da adabi. Yaran suka ce ya fi ni. Ban yafe musu ba har yau.

Ganina da shi na ƙarshe watan jiya ne bayan Juma'a, yana kan tabarma a zaurensa, ya rame sosai. Tun ƙaramar salla nake cewa zan zo dubiya. Ya riƙe hannuna ya ce, "Daga gidanka zuwa nan ko mita ba za ta motsa ba. Ɗigon naka ya koma sama ke nan."

Na ce zan dawo mako mai zuwa. Ban dawo ba.

Lawal ɗin da ya kira ni, shi ne ɗigon da ya fi kowa nisa a dama, sunan farko a takardata. Yau shi ke koyar da lissafi a makarantar, kwalin yana manne a bangon ajinsa, ɗigona yana nan inda yake. Kafin ya kashe wayar ya ce, "Jana'iza ƙarfe sha ɗaya ce, Malam." Sannan ya ƙara da cewa, "Don Allah kar a makara."

A ƙofar gidan nake rubuta wannan. Ko tabarmi ba a gama shimfiɗawa ba.

Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa kowane ƙauye da ya taka saboda 'ya'yan mutane ya zame masa haske a kabari. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri. Wanda duk ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a.