Shirun Tasalla Mai Atamfa

A bayan shagon ubanta aka haifi Tasalla, nan unguwar Kilomita Biyar, kuma tun tana yarinya ba ta barin kowa ya kai ƙarshen magana. Rumfata na jikin tata a kasuwa, don haka na sha. Ki ce kanki na ciwo, sai ta zaɓa miki magani, ta haɗa da yi wa mijinki faɗa.

Bana sai ta yi tsit. Ki kawo kuka, ta zuba miki ido, ta ce, "To, ke me kike gani?"

Hankalinmu ya tashi. Mu da muka ga rikicin garin nan mun san mai yawan tambaya yana da wanda yake kai wa amsa. Mata suka daina zama wurinta. Na tare ta, na ce, "Yaya Tasalla, wa ya aiko ki?"

Ta ce shirin jarrabawa take, tana neman takardar zama koci, irin masu taimakon mutum ya warware damuwarsa da kansa. Wai in ta ba da shawara, ta faɗi jarrabawar.

Na ce ƙarya ne, wa ke ba da takarda don an yi shiru?

Ta ce, "Me kike tsoron in ji?"

Kafin in ankara, na ɓarke da zancen ɗana da ya gudu Kamaru lokacin rikici, bai dawo ba.

Har yau ban yarda da ita ba. Amma tun da yaron ya tafi, ita kaɗai ta bar ni na kai ƙarshe.